Sarkin da Ya Tare Ƙorama

An ce wani sarki ne aka yi a wata ƙasa mai duwatsu, wanda Allah ya ba shi ƙarfin mulki da taurin zuciya, in ya ƙudura abu ba ya janyewa. Wata shekara fatake suka kawo masa irin dabino da na rumman daga gabas, ya sa aka dasa a bayan fada. Da shekaru suka wuce, lambun ya yi kyau har ya shiga ransa fiye da kome. Da rani ya tsananta, itatuwan suka fara yaushi, sai Waziri Barmo ya ba shi shawara a gina madatsa a tare ƙoramar da ke gangarowa daga dutse, a juya ta cikin lambun. Sarki ya yarda, aka gina.

To, a ƙasan ƙoramar nan akwai wani gari, Tungar Kanya, wanda mutanensa ba su da wani ruwa sai ita. Da ta ƙafe, dabbobinsu suka fara mutuwa, mata suka koma tonon rairayi suna kwalfar abin da ya tsattsafo. Suka aiko wakilai fada, Waziri ya mayar da su tun daga ƙofa.

A garin akwai wani dattijo, Malam Hambali, wanda ya karantar da mahaifin sarkin tun yana ƙarami. Ya cika gorarsa da ruwan da mutanensa ke sha, ya ɗauki sandarsa ya nufi fada. Shi dai ba wanda ya isa ya hana shi shiga. Sarki ya miƙe ya tarye shi, ya sa aka kawo masa ruwan sanyi cikin kwanon tagulla.

Malam ya dubi kwanon ya ce, "Ya sarki, Allah ya ja zamaninka, ba na shan kyautar da mai bayarwa bai mallake ta ba."

Fuskar sarki ta canja. Ya ce, "Ƙoramar nan a ƙasata ta ɓuɓɓugo, a ƙasata take gudu. In ba tawa ba ce, ta wa ce?"

Malam ya ce, "Rana ma a ƙasarka take fitowa, a ƙasarka take faɗuwa. Ka taɓa hana ta haska gidan talaka?"

Sarki ya ce, "Rana ta fi ƙarfin hannuna."

Malam ya ce, "Ashe kenan abin da ya bar wa talaka rana gajartar hannunka ce, ba adalcinka ba."

Sarki ya haɗiye fushinsa saboda girman mahaifinsa, ya ce, "Na ji. Zan sa a riƙa kai ruwa gidanka a kan raƙuma, kai da iyalinka, muddin raina."

Malam ya ce, "Ya sarki, da ƙishirwar gidana ce ta kawo ni, da na karɓa na yi godiya. Amma ta gari ce na ɗauko, ita kuwa ba ta shiga salka. Zan zauna a ƙofar lambunka, ba zan sha kome ba sai abin da mutanena ke sha, har ranar da za ka buɗe."

Sarki ya ce, "Zauna. Za mu ga wanda zai fara gajiya tsakanin tsufanka da sarautata."

Malam ya shimfiɗa buzunsa a ƙofar lambun. In gorarsa ta ƙare, sai ya tashi ya taka har Tungar Kanya, ya ciko ta, ya dawo ya zauna. Haka ya yi ta yi, ƙafafunsa suka tsattsage, ya rame har wuyansa ya zama kamar kara. Duk sanda sarki zai shiga lambu sai ya wuce ta gabansa, Malam ya gaishe shi da ladabi, bai ƙara masa kalma ɗaya ba. Wannan shirun ya fi damun sarki fiye da kowace magana, har dabinon ya daina yi masa daɗi a baki.

Waziri ya lura, ya ce, "Ranka ya daɗe, kada tsohon nan ya ruɗe ka. Hanyarsa ta bi ta gefen madatsa. Ina tabbatar maka yana sunkuyawa ya sha in ba idon kowa."

Sarki ya ce, "In haka ne, da idona zan kama shi, in kunyata shi a gaban jama'a."

Da Malam ya sake tashi, sarki ya sa tufafin fatake, ya rufe fuskarsa da rawani, ya bi shi daga nesa, shi kaɗai, a ƙasa. Ya ga tsohon ya bi ta gefen madatsa, ruwa cike yana ƙyalli, bai ko waiwaye shi ba. Sarki ya so ya juya, amma taurin kansa ya ce masa wataƙila a gaba zai sha. Ya ci gaba da bi. Suka shiga busasshen kwarin ƙoramar, rana ta take, ga gawarwakin shanu a gefe. Sarki bai saba tafiyar ƙasa ba, bai kuma ɗauko ruwa ba. Kafin su isa garin harshensa ya kafe, idanunsa suka yi duhu, ya zube a gindin wata kanya.

Wata mata mai suna Tasalla tana dawowa daga wurin tonon rairayi, da ɗan ruwa a gindin ƙwarya, goye da jaririnta. Ta gan shi, ta durƙusa ta tallafi kansa ta ce, "Bawan Allah, sha."

Ruwan ja ne, yana warin laka. Sarki ya shanye shi tas. Da hankalinsa ya dawo ya ga ƙwaryar ba kome, ya ce, "Baiwar Allah, ke kuma me za ki sha?"

Ta ce, "Zan koma in sake tono. Tun safe nake tara wannan, amma ni ina iya jira, kai kuwa na ga ba ka iyawa."

Ya ce, "Ba ki san ni ba, me ya sa kika ba ni?"

Ta ce, "Sai na san mutum zan san yana jin ƙishirwa?"

Ya sunkuyar da kai, ya ce, "Me kike cewa game da sarkin da ya tare muku ruwa?"

Ta gyara goyonta ta ce, "Ina roƙa masa Allah ya ɗanɗana masa ƙishirwa sau ɗaya, kada ta kashe shi. Ina zaton ba mugu ba ne, bai taɓa jin ta ba ne kawai."

Ta ɗauki ƙwaryarta ta koma kwari. Sarki ya daɗe zaune. Can Malam Hambali ya iso da gorarsa a kan hanyarsa ta komawa, ya tsaya a kansa, ya gane shi, ya ce, "Ya sarki, ka yi nisa da gida."

Sarki ya ce, "Na fito in kama ka da satar ruwa, sai na tarar ni ne ɓarawon, kuma wadda na sata a wurinta ita ta shayar da ni."

Suka koma tare, sarki yana riƙe da hannun tsohon. Bai shiga fada ba, madatsa ya wuce. Ya karɓi fartanya daga hannun wani mai aikin lambu. Waziri ya sheƙo yana cewa, "Ranka ya daɗe, rabin itatuwan za su mutu." Sarki ya ce, "Na sani," ya kai sara na farko. Bai ajiye fartanyar ba sai da tafin hannunsa ya fashe, ruwa ya ɓalle ya kama tsohuwar hanyarsa.

Rabin lambun ya bushe kamar yadda aka faɗa, sarki kuma bai sake dasa shi ba. Ya sauke Waziri Barmo, ya aika wa mutanen Tungar Kanya shanu daga garkensa a madadin waɗanda suka rasa. Ya nemi Tasalla ta faɗi abin da take so, ta ce a haƙa rijiya a bakin hanya saboda matafiya.

Daga ranar nan, duk wanda sarki zai naɗa hakimi sai ya ce masa, "Kada ka yanke wa mutane hukunci sai ka sha daga inda suke sha, domin adalci ba ya zama a zuciyar da ba ta san ƙishirwar wani ba."