Baƙin Irin da Sumie Ta Ba Tetsuo

Akwai wani manomin dankali a wani ƙauye a arewacin tsibirin Hokkaido na ƙasar Japan, sunansa Tetsuo Kuwabara. Ba shi da ƙyuyar aiki, ba shi da rowa. Matsalarsa ɗaya ce: ko gaishe shi ka yi da fara'a, sai ya tsaya lissafin abin da kake nema a wajensa.

Maƙwabciyarsa wata dattijuwa ce, Sumie Oikawa, wadda mijinta ya rasu, ɗanta kuma yana can birnin Asahikawa. Duk lokacin sanyi Tetsuo ne ke kwashe mata dusar ƙanƙara daga ƙofar gida zuwa titi da injinsa.

A farfajiyar Sumie akwai tsohuwar bishiyar kobushi, magnoliya mai farin fure. Mutane sun sha sayo dashe daga kudu, sanyin garin ya kashe. Tata kaɗai ke jurewa. To amma ta tsufa, gindinta ya fara ruɓewa.

Da kaka ta yi, Sumie ta tattara 'ya'yan bishiyar ta raba wa maƙwabta, don kada irin ya ƙare. Tetsuo kuwa har gida ta kawo masa nasa.

"Ka zuba su cikin yashi mai danshi," ta ce, "ka ajiye tukunyar a waje, ƙanƙara ta rufe ta. Kada ka shigar da su ɗaki."

"A waje, Yaya Sumie? Cikin sanyin da ke tsaga itace?"

"Shi suke so. In ba su sha sanyi ba, ba sa farkawa."

Tetsuo ya yi godiya, amma tun kafin ta fita ransa ya fara saƙe-saƙe. Ya riga ya ga na Goro mai shago jajaye ne jawur. Nasa kuwa baƙaƙe ne, sumul, kamar an tsamo su daga tukunya.

Ya ce da matarsa Fusako, "Dubi abin da ta ba ni. Na kowa ja, nawa baƙi."

"To ka tambaye ta mana. Ga gidanta nan."

"In tambaye ta ta ce me? Kin manta rigimar mahaifina da mijinta a kan ruwan gona?"

"Haba Maigida! Su biyun duk suna kabari. Kai kaɗai ka rage kana wannan faɗan."

Bai saurare ta ba. Ya yanke cewa umarnin nan ma tarko ne, so take sanyi ya kashe irin a ce shi ne bai iya ba. Ya ɗauki tukunyar ya ajiye kusa da murhu, yana ba ta ruwa kamar jariri.

Sanyi ya wuce, ƙanƙara ta narke. Na Goro ya tsiro. Na sauran maƙwabta ya tsiro. Tukunyar Tetsuo kuwa yashi ne kawai.

Ranar taron ƙauye, ana shan shayi, Goro ya ce da dariya, "Kuwabara, ina naka? Ko ka dafa ka ci da shinkafa?"

Tetsuo ya dire kofinsa. "An dai dafa kafin a ba ni. Ku tambayi wadda ta raba."

Sumie ta ɗago kai.

"Tetsuo, ni kake nufi?"

"Na kowa ja, nawa baƙi. Ni ba yaro ba ne."

Ta buɗe baki za ta yi magana, ya miƙe ya fice. Washegari ta zo ƙofarsa, ya ce Fusako ta ce ba ya nan. Ya ɗauki tukunyar ya kife ta a bayan rumbun dankali, ya tafi gona.

Da sanyi ya dawo, Tetsuo ya fito da injinsa ya share ƙofar gidansa, ya tsaya daidai iyakar gidan Sumie ya kashe injin. Fusako ta yi magana har ta gaji. Sumie ba ta roƙi kowa ba. Kullum da safe sai ta fito da shebur tana yi a hankali, tana hutawa.

Wata safiya ta zame ta faɗi, ƙashin ƙugunta ya karye. Mai kawo wasiƙu ne ya tsince ta. Daga asibiti ɗanta ya wuce da ita Asahikawa, aka rufe gidan.

Abin ya taɓa Tetsuo, amma ya riƙa gaya wa kansa ai ita ta fara.

Ƙanƙara ta sake narkewa. Ya zagaya bayan rumbu neman fartanya, sai ya ga 'yan tsirrai sun fito a cunkushe, daidai inda ya kife yashin nan. Ya durƙusa ya duba ganyen. Kobushi ne. Irin da ya ce an dafa ya kwana a ƙarƙashin ƙanƙara, ya tashi.

Ya nufi shagon Goro ya tambaye shi yadda ya yi da nasa.

"Wahala na sha," in ji Goro. "Sai da na jiƙa, na yi ta murzawa har jar fatar ta fita, baƙin cikin ya bayyana. Kai ai gata aka yi maka. Ta ce yatsunka na ciwo, kuma kai ke share mata hanya, shi ya sa ta wanke maka naka da hannunta."

"Me ya hana ka faɗa min?"

"Ka taɓa tsayawa wani ya gama magana?"

Tetsuo ya hau jirgin ƙasa zuwa Asahikawa. Ya tarar da Sumie zaune bakin taga, ga sandar tafiya a gefenta. Ya durƙusa har goshinsa ya taɓa tabarma, ya faɗi komai, bai rage ba.

Ta dube shi ta ce, "Sun tsiro da yawa?"

"Da yawa, Yaya. Ki dawo ki gani. Ni zan riƙa share miki hanya har ƙarshen raina."

Ta girgiza kai. "Na yafe maka, Tetsuo. Amma likita ya ce ba zan ƙara zama ni kaɗai ba. An riga an sa gidan a kasuwa."

Tetsuo ya koma ƙauye ya dasa tsirran a bakin titi. Sun kama, sun girma. Sumie ba ta sake taka garin ba.

Darasi: Zargi yakan sa ka ɗauki alheri a matsayin makirci, kuma kafin gaskiya ta fito, ɓarnar ta riga ta auku. In ka ga abin da ba ka gane ba, ka tambaya, ka kuma tsaya ka ji amsa. Ka tura wannan labari ga wanda ka san ya juya wa wani baya saboda zato kawai, ko zai gyara tun da sauran lokaci.