Ƙofar da Ke Ƙarƙashin Akwatin Kifi

Akwai wani mutum da ya yi shekara talatin yana aiki a tashar jiragen ruwa ta Ikko. Da ƙarfinsa ya fara raguwa, sai ya ajiye aiki, ya komo garinsu a arewa tare da matarsa Afiniki. Ba su taho da kaya masu yawa ba, amma sun taho da wani akwatin gilashi cike da ruwan gishiri irin na teku. A cikinsa akwai murjani mai rai, irin wanda yake tsirowa a ƙarƙashin teku, da ƙananan kifaye bakwai, waɗansu ruwan goro da ratsin fari, waɗansu shuɗɗa kamar an tsoma su a baba. Suka ɗora shi a kan kabad mai ƙofa ɗaya.

Kowace yamma sukan zauna a gabansa. Shi yana ba da labarin jiragen da ya gani, ita tana gyaran wake tana cewa, “Ka faɗa mini wannan jiya.” Ran Asabar da safe yakan tafi zumuntar maza a coci. In ya dawo, yakan tarar da daɓe a jiƙe, zanenta ma a jiƙe wajen gwiwa. Bai taɓa tambayar dalili ba.

Ana nan sai Ubangiji ya kira Afiniki gida. Mutumin ya ce a ransa, “Abin da ta bari mai numfashi ke nan, ba zan bari ya lalace ba.” Ya riƙa goge gilashin safe da yamma da tsohon kallabinta. Ya riƙa ba kifayen abinci sau uku, alhali ita sau ɗaya take ba su. Duk wanda ya zo gaisuwa sai ya yaba.

A wata na biyu murjanin ya fara koɗewa. Kifi ɗaya ya mutu, na biyu ya bi shi, sauran suka taru a saman ruwa suna buɗe baki. Ruwan kuwa a ido garau yake.

A ranar da na uku ya mutu, Keziya ƙanwar marigayiyar ta zo duba shi. Ta same shi da kallabi a hannu.

Ta ce, “Baban Sila, wannan gilashi naka ya fi tabaran Fasto ƙyalli.”

Ya ce, “Kifayen yayarki suna ƙarewa, ke kina wasa. Kewarta ce take kashe su.”

“Kai ne mai kewa, su ruwa ne ya dame su. Yaushe rabonka da buɗe ƙofar nan ta ƙasa?”

“Ai kayanta ne a ciki. Zuciyata ba ta ba ni in taɓa ba.”

“Shekara talatin a bakin teku, ashe kallo kaɗai ka koyo! Durƙusa ka buɗe.”

Ya dafa bango, ya durƙusa da ƙyar, ya buɗe. Wani ɗoyi ya buge shi. A ciki akwai ɗan inji mai jan ruwan akwatin ya bi da shi ta cikin soso, ya tace, ya mayar sama. Soson ya yi baƙi ƙirin, ya toshe da ragowar abinci da kashin kifi, ruwa sai ɗiga yake yi. A bayan ƙofar kuma ya ga rubutu da fensir, hannun da ya sani tun suna saurayi da budurwa: “Asabar. A wanke soso da ruwan akwati, ba da na famfo ba. A kwashe bokiti ɗaya, a zuba sabon haɗin ruwa da gishiri. A gwada gishiri.”

Ya karanta, ya sake karantawa. Daga baya ya ce, “Ashe abin da yake jiƙa mata zane ke nan.”

Keziya ta ce, “Kukan ya jira. Miƙo bokiti.”

Suka wanke soson, suka sauya ruwan kaɗan kaɗan cikin kwanaki. Rabin murjanin bai farfaɗo ba, ukun da suka mutu kuwa sun tafi ke nan. Amma huɗu suka rayu. Tun daga ranar, kowace Asabar, kafin ya tafi zumunta, wandon mutumin yakan jiƙe wajen gwiwa.

Ma’anar wannan misali ita ce: akwatin shi ne bangaskiyar da muka gada a gidajenmu. Gilashin shi ne abin da mutane suke gani, wato tufafin Lahadi, da waƙa, da zama a bencin gaba. Soson da ke ɓoye shi ne zuciya, inda dattin kowane mako yake taruwa: ƙaramar ƙarya, da riƙo, da hassadar da ba a furta ba. Wankinsa shi ne tuba da addu’a a ɗaka, inda ba mai yabo.

Iyayenmu mata da suka riga mu sun yi wannan aiki ba tare da sanarwa ba. Mun sha ruwa mai tsabta a gidajensu, muka ɗauka haka ruwa yake. Yau muna tunawa da su da hawaye, muna rera waƙoƙin da suka fi so, muna rataye hotunansu a falo. Wannan duka shafar gilashi ne. Mutumin nan ya ƙaunaci matarsa ƙwarai, duk da haka kifi uku suka mutu a hannunsa, domin ƙauna ba ta tace ruwa sai ta yi aikin.

Saboda haka kada kowa ya ce gidansa lafiya don ba a ga laka ba. Ku bincika tun ’ya’yanku ba su fara neman iska a wani wuri ba. Abin da iyayenmu suka bar mana yana nan a rubuce a bayan ƙofa, amma mutum ba ya ganinsa a tsaye. Wanda yake so ya karanta, sai ya durƙusa.