Igiyar Tasalla Bahaguwa

Ga ta nan, ga ta nanku, mai gyangyaɗi ya gyara zama!

Ta zo mu ji ta, Iya!

Wata yarinya ce ana ce mata Tasalla, 'yar Tanko mai tufkar igiya. Tasalla bahaguwa ce. Kowa yana murza rama a cinyar dama, ita sai a ta hagu. Igiyar kowa ta murɗe nan, tata ta murɗe can. Yara su yi ta tsalle suna cewa, "Bahaguwa, bahaguwa, igiyarki ta ba mu baya!" Ubanta ma ya ce, "Wa zai sayi wannan? Ajiye ramar nan kada ki ɓata min."

Sai Tasalla ta koma tufka a ɓoye. In ta gama, ta tura ƙarƙashin rumbu. Tausayi take ba ni, wallahi.

To, garin nan rijiya ɗaya gare su. Ran nan sai Dodo ya tare a cikinta. Ba ya cin mutum, mugun wasa ne da shi. Da an zura guga sai ya kama igiya, ya murza ta baya, yana waƙa:

"Murɗin dama, na san ka,
In juya ka, ka kwance!"

Igiya ta warware sili-sili, guga ya faɗa, tsulum!

Sarki ya ce, "Kwana uku. In ba a sami ruwa ba, kowa ya ɗaure kayansa mu bar garin."

Ranar farko Tanko ya kawo igiyar rama. Dodo ya yi waƙarsa, tsulum! Rana ta biyu aka kawo ta kaba, kauri kamar damtse. Tsulum! Rana ta uku aka kawo ta fata, wadda ake ɗaure bijimi da ita. Tsulum!

Mutane suka fara ɗaure kaya. Kakar Tasalla kuwa, tsohuwa Delu, ƙafa babu, tana kwance leɓe ya bushe. Ta ce, "Ku tafi abinku. Ni nan za a bar ni."

Tasalla ta fashe da kuka. Ta ce, "Kaka, ina da igiya ƙarƙashin rumbu. Amma in na fito da ita dariya za su yi min."

Tsohuwa ta ce, "Su yi mana! Ke kin taɓa ganin wanda dariya ta kashe? Ni ƙishi nake ji."

Tasalla ta jawo igiyarta. Ta ratsa tsakiyar mutane. Suka yi dariyar kuwa, har da masu riƙe ciki. Ba ta waiwaya ba. Ta ɗaura guga, ta zura.

Dodo ya cafke, ya soma:

"Murɗin dama, na san ka,
In juya ka..."

Ya murza, igiya ta ƙara tsukewa. Ya sake murzawa, ta ƙara tsukewa. Ya murza na uku da ƙarfin tsiya, ta damƙe masa yatsu, ƙam!

Ya kwarma ihu, "Wayyo! Wa ya tufka wannan?"

Tasalla ta leƙa ta ce, "Ni ce, bahaguwa."

"Sake ni, 'yar nan! Na rantse na bar rijiyar nan har abada!"

Sarki ya ce, "Ku kama mata!" Masu dariyar nan duk suka kama igiya, aka ja, aka ja, Dodo ya fito tsamo-tsamo. Tasalla ta kwance masa yatsu, ya zura daji ko waiwaye babu.

Aka ɗebi ruwa. Tsohuwa Delu ta sha, ta sha, ta yi ajiyar zuciya. Masu kaya suka kwance kayansu.

Da yamma Tanko ya ɗauko rama, ya zo ya zauna kusa da 'yarsa, yana sosa ƙeya. Ya ce, "Tasalla, nuna min yadda kike yi." Ya ɗora a cinyar hagu, ya murza, rama ta watse. Ya sake, ta watse. Tasalla ta yi dariya har da hawaye, ta ce, "Sannu a hankali, Baba, za ka iya."

To, kun ji. Wanda Allah ya yi shi daban, kada ya ɓoye kansa don tsoron dariya. Kai kuma mai dariya, ka rage.

Ƙurunƙus! Tatsuniya ta koma gidan Gizo, in da ƙarya a ciki shi za ku tambaya.