Wayar Mamaci a Gidan Hajiya Samiratu

Akwai wani mai sana'ar haɗa waifai, wato intanet marar igiya, a unguwar Kotobabi, sunansa Razak. Mutum ne mai sanyin aiki, har abokan sana'arsa suna tsokanarsa da cewa kafin ya gama gida ɗaya, wani ya gama unguwa.

Wata rana Hajiya Samiratu ta kira shi. Babbar mai sayar da atamfa ce a kasuwar Nima, kuma ita ke riƙe da gidan benen da mahaifinsu ya bari a unguwar Maamobi, inda fatake daga Nijar da Najeriya suke haya. Na'urar waifai guda ce a gidan tun shekarun baya, tana falon ƙasa. Duk wanda ke sama sai ya sauko ya tsuguna a matakala kafin ya samu sabis.

Hajiya ta ce, "Ina so mutum ya shigo ƙofar gida yana waya, ya hau har sama, magana ba ta yanke ba. Za ka iya, ko in nemi wani?"

"Zan iya, Hajiya. Kowane hawa zan maƙala masa akwatinsa, in ja kebul in haɗa su da uwar na'urar. Suna ɗaya zan ba su, waya ta riƙa sakin na nesa tana kama na kusa, mai ita bai ma sani ba. Tsohon sunan da tsohuwar kalmar sirri zan bari, kada a wahalar da mutane."

"Ka yi ko'ina," in ji ta, "ban da tsohon sashen can na baya. Ba kowa a ciki. Kada ma ka leƙa."

Washegari yana huda bango sai wata 'yar haya mai suna Indo, mutuniyar Maraɗi, ta kawo masa ruwa. Ta kalli dogon lungun da ya nufi tsohon sashen, ta rage murya.

"Malam, ka bi maganar Hajiya. Ɗakin mahaifinta, marigayi Alhaji, ne a ƙarshen lungun nan, tun rasuwarsa yake kulle. Amma kwanan nan ƙwanƙwasa ƙofa muke ji daga ciki. Ko da rana tsaka."

"Ba ɓera ba ne?"

"Ɓera yana kiran sunan Allah? Gidan nan ya ga mutuwa. Ƙanen Hajiya ma, Bashiru, ya kama hanyar Libiya, labari ya zo ya mutu a sahara. Da ni aka yi addu'arsa a tsakar gidan nan."

Razak ya yi murmushi don kada ta ga tsoronsa, ya ci gaba da aiki.

Ranar da ya gama maƙala akwatunan, gidan ya yi tsit, duk an tafi kasuwa, hadari ya rufe gari. Ya kira matarsa Shifa don ya gwada aikin. Yana tafe suna hira, daga sama zuwa ƙasa, murya ba ta ko girgiza ba. Da ya iso bakin lungun nan sai maganarta ta fara tsinkewa.

Ta ce, "Baban Rahma, wa ke buga abu a kusa da kai?"

"Ba kowa. Ni kaɗai ne."

"To ni dai na ji."

Ya tsaya cak, ya riƙe numfashi. Daga can cikin duhun lungun ya ji: ƙwas... ƙwas... Sai shiru.

Ya koma falo da sassarfa ya buɗe kwamfutarsa, inda yake ganin duk wayar da ta hau waifan gidan. Tasa ce kaɗai. Yana kallo sai wata ta bayyana a ƙarƙashinta, ta kama akwatin da ya fi kusa da lungun, da ƙyar, kamar hannun da ke neman bakin rijiya. Sunan wayar ya fito sarai: Bashiru.

Kafin ya ƙifta ido ta ɓace.

Zuciyarsa ta ce masa ya naɗe kayansa ya tari motar haya ta trotro, ai an gama abin da aka sa shi. Har ya ɗauki jaka. Amma ya kasa fita. Ya ce a ransa, waya ba ta hawa waifai sai ta san kalmar sirri, kuma ba ta kunna kanta. Ko mene ne ke cikin ɗakin nan, yana neman ya kai ga wani, sabis ne bai ishe shi ba.

Akwai akwati ɗaya da ya rage a jakarsa. Ya ɗauko dogon kebul, ya jona, ya shiga jansa cikin lungun yana karanta duk addu'ar da ta zo bakinsa. Bangon ya yi sanyi, warin danshi ya cika wurin. Ya ajiye akwatin a ƙasa dab da ƙofar mai tsatsattsen kwaɗo.

A daidai lokacin Hajiya ta shigo gidan, Indo na biye da ita, ruwa ya koro su daga kasuwa. Da ta ga kebul kwance ya nufi lungun sai ta daka tsawa.

"Kai! Da wane yare na yi maka magana? Gidanka ne? Cire min wannan abin yanzu!"

"Hajiya, ki yi haƙuri. Na ga wani suna a kwamfuta."

"Ban tambaye ka ba!"

Fitilar akwatin ta koma kore. Sai wayar Hajiya ta yi ƙara a hannunta. Ta sake yi. Ta yi ta yi ba tsayawa, saƙonnin murya na WhatsApp suna zubowa a jere, duk daga lamba ɗaya. Ta dubi sunan, yatsanta ya taɓa na ƙarshe.

Murya ta fito, busasshiya, kamar daga ƙarƙashin ƙasa.

"Yaya... ni ne. Ina ɗakin Baba. Na kasa tashi. Don Allah... ruwa."

Indo ta kurma ihu ta zube a ƙasa tana salati. Razak ya dubi Hajiya, ya ga abin da ya fi muryar ba shi tsoro: ba ta yi mamaki ba. Fuskarta ta mai kunya ce, ba ta wadda ta ji mamaci ba.

"Hajiya, ina makulli?"

Ta kawar da kai. Razak ya zaro guduma ya fasa kwaɗon.

A kan tsohuwar tabarma suka tarar da mutum ya rame kamar itace, leɓɓansa sun tsattsage, ƙafarsa ɗaya ta kumbura. Wani kofin ƙarfe na hannunsa, shi yake bugawa a jikin ƙofa. Wayarsa na kan ƙirjinsa, cajin ya kusa ƙarewa. Ashe kashe ta yake yi, sai in ya ɗan samu ƙarfi ya kunna, ya ga ko saƙon zai tafi.

Razak ya goya shi, Indo ta tare tasi a cikin ruwan sama, suka nufi asibiti.

A can ne gaskiya ta fito, daga bakin Hajiya da kanta. Bashiru bai mutu a sahara ba. Ya dawo ba ko takalmin kirki, ya same ta a shago. Ta dube shi a gaban manyan masu sayen kayanta, ta ja shi gefe ta ce, "An riga an yi maka addu'a. Kada ka zo ka kunyata ni da wannan kama. Ka je ka zama mutum tukuna." Ba ta faɗa wa kowa ta gan shi ba.

Shi kuma kunya ta hana shi nuna fuskarsa ga 'yan unguwa. Ya riƙa shiga ɗakin mahaifinsu ta wata karyayyar taga da ke bakin kwata, yana kwana yana fita. Wata rana ya faɗo cikin ɗakin daga tagar, ƙafa ta karye, zazzaɓi ya rufe shi, murya ta dushe. Da ruwan da ke yoyo daga rufi ya rayu. Mutanen gidan suna jin bugunsa, kowa sai ya ja ƙofarsa ya yi ta'awizi.

Likita ya ce da an ƙara kwana, da gawa za a fitar.

Da Bashiru ya farfaɗo, Hajiya ta durƙusa a gefen gadon tana kuka, ta kasa haɗa ido da shi. Ya dubi rufin ɗakin ya ce:

"Yaya, ban dawo don gida ko shago ba. Na ga mutane sun mutu a rairayi ba wanda ya san sunansu. Na ce ni dai in kai inda za a san nawa."

Hajiya ta tara dangi da limamin unguwa, ta faɗi abin da ta yi ba tare da ta rage komai ba. Matar da ba a haɗa ido da ita a kasuwa, ranar kanta a sunkuye ta yi magana. Bashiru ya yafe mata, amma ƙafar ba ta koma daidai ba. Kullum ta ji takunsa yana ɗingishi a tsakar gida, sai ta yi shiru da duk abin da take faɗa.

Razak kuwa, labarinsa ya zaga Nima da Maamobi har Kawukudi, aiki ya yi masa yawa, ya ɗauki Bashiru yana tsare masa shago. Ranar da Razak ya ji wasu suna yabonsa da jarumta, sai ya girgiza kai ya ce, "Ei, ku bari. Ni ma na ji tsoro. Kawai na kasa tafiya in bar wani yana kira."

Darasi: Kada girman kai ya sa ka binne ɗan'uwanka da ransa don ya dawo hannu biyu, kuma kada tsoro ya sa ka toshe kunne ga mai neman taimako. Sau da yawa abin da muke gudu da sunan fatalwa, mutum ne da muka juya wa baya. 'Yan uwa mabiya shafin nan, ku tura wa wasu, ƙila akwai wanda zai tuna da nasa Bashirun yau.