Kyanwar Gwaggo Tabawa da Ɗan Baƙuwa

An yi wata baiwar Allah a wani gari, tun kakanninmu na yara, ana ce mata Gwaggo Tabawa. Mijinta ya rasu, ba ɗa ba jika, sai wata kyanwa da take hira da ita kamar mutum. Sana'arta raino. Mata in za su gona sai su bar mata 'ya'yansu, da kaka su auna mata hatsi. Da shi take ci.

To, ku saurara. Ana nan sai makero ya ɓulla a kawunan yaran. Iyaye suka taru a tsakar gidanta rai a ɓace. Ba su tsaya bincike ba, suka nuna Kande, wata baƙuwa da ba ta da kowa a garin.

Suka ce, "Ɗanta ne ya kawo mana. Gwaggo, ko ki kore shi, ko mu kwashe namu."

Kande ta rungume ɗanta. In aka kore shi, ita da gona sun rabu ke nan.

Tabawa kuwa ta san gaskiya. Ta ga gashin kunnen kyanwar yana zubewa, kuma a kwandon zannuwan goyo take kwana, don ita ta ƙyale ta saboda tausayi. Shiru kawai za ta yi ta tsira. Ba ƙarya ba fa, jama'a, shiru kawai!

Sai ta ce, "'Ya'yana, yaron nan ba ruwansa. Kyanwata ce, sakacina ne."

Can wata ta ce, "To a jefar da ita daji."

Tabawa ta ce, "A'a. Ita ma amana ce a hannuna."

Ta tafasa zannuwan, ta shanya a rana. Ta yi wa kyanwar makwanci bayan rumbu, da kaskonta daban, tana yi mata magani. In ta taɓa ta, sai ta wanke hannu da sabulun salo kafin ta ɗauki yaro. Duk da haka yawancin matan suka kwashe 'ya'yansu. Kada ku jira in ce ta yi arziki. Ba ta yi ba, da ƙyar ta ga kaka a shekarar. Amma ɗan Kande bai tashi da sunan mai cuta ba.

'Yan'uwa, ɗan da aka ba ka raino amana ne, dabbar da ka ajiye ma amana ce. Ka raba musu makwanci da kwano. In kuma ɓarna ta fito daga gidanka, kada ka bari a ɗora wa marar gata. Sau nawa aka ci mutuncin wani a gabanmu, muka ce ai mu ba mu ce komai ba? Wallahi shirun nan, sai an tambaye mu shi.