Mutumin da Ya Sassaƙa wa Mahaifiyarsa Kabari

Akwai wani mutum a ƙasar Yahudiya, mai gonar inabi, wanda mahaifinsa ya rasu ya bar masa gida da gona da tsohuwa, wato mahaifiyarsa. Mutumin nan ba mugu ba ne, gara in faɗa muku tun yanzu. Yana ƙaunar uwarsa ƙwarai. Sai dai irin mutanen nan ne da in za su yi alheri, sai sun yi wanda gari zai tsaya kallo.

A ƙasar kuwa akwai al'ada. Idan tsoho ko tsohuwa ta cika, ɗanta ne ke sa hannu ya rufe mata ido. Daga nan a yi mata wanka, a shafe ta da kayan ƙanshi, a naɗe ta da likkafani, a binne ta a ranar kafin rana ta faɗi, gama ba sa barin gawa ta kwana. Talaka a haƙa masa rami. Mai hali kuwa a sassaƙa masa kabari cikin dutse.

Da mutumin ya ga ƙarfin tsohuwa ya fara ƙarewa, sai ya ce a ransa, "Uwata ba za ta kwanta a rami kamar marar gata ba." Ya sami wani dutse a bayan gari, ya kama sassaƙa da hannunsa. Da sassafe yana gona, da yamma yana dutse, in ya dawo gida ko magana ba ya iya yi don gajiya.

Wata rana zai fita da gudumarsa, tsohuwar ta kira shi daga kan tabarma.

"Ɗana, zo ka ɗan zauna."

"Inna, ai aikinki nake yi."

"Ni ban aike ka ba," in ji ta. "Abu ɗaya nake roƙo a wurinka. Ranar da Ubangiji ya kira ni, hannunka ya rufe mini ido."

Ya yi dariya ya ce, "Haba Inna, wannan ai ba sai kin roƙa ba." Ya saɓa gudumarsa ya fita.

Shekara biyu yana wannan aiki, har kabari ya kammala. Mutane suna zuwa kallo suna cewa ko sarki sai haka. Saura mur na shafe gawa da lilin na likkafani. Akwai su a kasuwar garin, amma ya duba ya taɓe baki, ya ce sai na birni, tafiyar kwana biyu.

A lokacin tsohuwa ta daina cin abinci, sai ɗan ruwa. Maƙwabciyarsu, wata gwauruwa da ta daɗe tana jinyar tsofaffi, ta tare shi yana ɗaure wa jaki kaya.

"Kada ka tafi," in ji ta. "Na san irin wannan numfashin."

"Iya, kwana huɗu ne kawai. Ran na huɗu da hantsi ina nan."

Ya tafi. A birni ya sami lilin mai kyau, ya sami mur. Har ya juya, sai mai sayarwa ya ce masa gobe ayari zai iso da wanda ya fi wannan. Zuciyarsa ta ce masa ya kama hanya, amma ya ce, "Na yi shekara biyu, kwana ɗaya ne zai gagare ni?" Sai ya kwana.

Ran na biyar ya iso gida. Tun daga nesa ya ga ƙofa a buɗe, ba hayaƙi a madafa, mutane zaune a ƙasa. Ya saki igiyar jaki ya shiga da gudu. Suka ce masa jiya ne, da tsakar rana. Sun binne ta kafin faɗuwar rana kamar yadda aka saba, a rami kusa da mijinta, domin ba wanda zai mirgine dutsen kabarin wani ba da izinin mai shi ba.

Ya kama rigarsa ya yage ta, ya faɗi ƙasa. Da ya sami bakin magana, bai tambayi likkafani ba, bai tambayi rami ba. Ya ce, "Wa ya rufe mata ido?"

Sai gwauruwar nan ta amsa.

"Mun jira ka har jikinta ya fara sanyi. Idon yana kallon ƙofa. Da na ga rana za ta faɗi mana, sai na sa nawa hannun. Ka yafe mini, ɗana."

Kwana bakwai ya yi zaune a ƙasa yana makoki. Maƙwabta suna kawo abinci, masu ta'aziyya suna shigowa, kowa yana so ya sanyaya masa zuciya sai ya yabi kabarin, ya ce ba ɗan da ya taɓa yi wa uwa irin wannan gata. Shi kuwa duk yabon da aka yi sai ya ji kamar an soka masa ƙaya. Ya yi nadama mai zafi, nadamar da ba ta da wurin zuwa, gama abin da aka roƙe shi ƙarami ne, kuma sau ɗaya ake yinsa.

Ga ma'anar wannan misali, 'yan'uwa. Mutumin nan mu ne. Kabarin dutse shi ne hidimar da muke tanada wa iyayenmu sai ranar da ba za su gani ba: akwati mai ƙyalli, anko, hoto a gaban riga, rumfuna da tukwane, da dogon jawabi a gaban jama'a. Ban ce jana'iza mai kyau zunubi ce ba. An naɗe Ubangijinmu da lilin, an sa shi a sabon kabari, kuma Littafi bai zargi waɗanda suka yi ba. Amma umarnin da ya ce ka girmama mahaifinka da mahaifiyarka, mai rai ne ke jin daɗinsa. Mun sha yanka shanu biyu a jana'izar tsohuwa, alhali ta yi shekara tana cin tuwo ita kaɗai.

Kwana ɗayan nan da ya ƙara a birni kuwa, shi ne "sai na sami hutu", shi ne "sai Kirsimeti". Kullum dalilin yana da kyau. Ban taɓa jin wanda ya makara da mummunan dalili ba.

Na san a cikinmu akwai waɗanda nasu ya riga ya wuce, suka iso aka ce musu jiya ne. Ba zan ƙara muku nauyi ba, domin ni ma a layinku nake zaune. Ubangiji mai jinƙai ne, yana gafartawa, muna kuma da begen tashin matattu. Amma gafara ba ta mayar da jiya. Kai da naka ke raye, in an tashi sujada yau, kada ka tsaya dogon gaishe-gaishe a bakin ƙofa. Tafi ka zauna, ko da ba ka da abin faɗi.