Ranar da Aka Leƙa Gidan Jelani Daga Sama

Akwai wani manomin albasa a Taloka, cikin ƙasar Goronyo, ana kiransa Jelani. Mutum ne mai kishin gidansa, amma zuciyarsa a kusa take. Kafin ka kai ƙarshen zance ya riga ya yanke hukunci.

A unguwarsu namiji ba ya hawa soro ko bishiya sai ya ɗaga murya ya nemi gafara, don matan maƙwabta su kintsa. Jelani ya taɓa sauko da mai yaɓe daga kan katanga da sanda saboda ya manta da wannan.

Wata rana 'yarsa Raihana, 'yar aji biyar, ta dawo daga makaranta da gudu, ko jaka ba ta ajiye ba.

"Baba! Yau Malama Selina ta gwada muna duniya cikin waya, tana juyawa kamar ƙwallo. Mun ga Makka, mun ga dam ɗin Goronyo. Har gidanmu mun gani daga bisa, har da..."

"Mi kic ce? Gidan wa?"

"Gidanmu, Baba. 'Yan aji duka sun gani, har da..."

"Ruhe min baki!"

Ko hula bai tsaya sawa ba, ya finciki hannun yarinyar sai makaranta.

Malama Selina 'yar Zuru ce, ta daɗe tana koyarwa a garin, babu wanda ya taɓa jin kanta da kowa. Tana tattara littattafai ya faɗo ajin ko sallama babu.

"Ke Malama! Wa ya ba ki izinin leƙa min gida? Mai yaɓe ma sai ya nemi gahwara kahin shi hau bisa. Ke kin haye can ƙoli kin buɗe iyalina gaban ɗiyan mutane!"

"Baban Raihana, don Allah zauna ka gani da idonka. Tsohon hoto ne, ba a ganin kowa a ciki."

Ta miƙa masa wayar, ya ture hannunta.

"In gani? Ɗiyata ta bar wagga makaranta daga yau!"

Da ya tsaya nan, da da sauƙi. Bayan la'asar ya kai zancen majalisa, kuma kun san baki. Kafin gari ya waye maganar ta zama wai malama tana da wayar da take kallon matan aure a bayan gida. Abin da ya fi ba ni haushi, cikin duk masu gemun nan babu ɗaya da ya ce a kawo wayar a duba.

Maza suka yi dafifi a ƙofar makaranta. Matan da ke aika mata fura suka daina amsa gaisuwarta. Da ta ga abin ya fi ƙarfinta ta nemi canjin wurin aiki, aka mayar da ita Rabah. Aji biyar ya zauna babu malami, Raihana kuma tana gida tana tsintar albasa.

Ana nan sai Almustapha, ƙanen Jelani mai tuƙa motar albasa zuwa Ikko, wato Legas, ya dawo. Da ya ji labari ransa ya ɓaci.

"Haba Yaya! Kan wanga abu kunka kori baiwar Allah? Da shi nike gane hanya cikin Ikko!"

Bai jira izini ba, ya zaro wayarsa ya buɗe taswirar, ya yi ta jawo Taloka kusa da yatsu biyu, ya ajiye ta a cinyar yayansa.

Jelani ya duba. Rufin kwano ne ƙanana kamar kwalin ashana, da layukan katanga dishi-dishi. Babu mace, babu namiji, ko akuya ba a ganewa.

"To ina matan?"

"Waɗanne mata, Yaya?"

Sai idonsa ya tsaya a kusurwar gidan. Ga wani ɗan ɗaki zagayayye a gindin tsamiya. Ɗakin Inna ne, mahaifiyarsu, wanda ruwan damina ya rusa bayan rasuwarta. An ɗauki hoton tun ɗakin yana tsaye.

Raihana tana raɓe a bakin zaure. Ta ce a hankali, "Shi niz zo in gaya maka, Baba. Ɗakin Inna na nan ciki bai rushe ba. Ba ka bari na ƙare ba."

Jelani ya kasa ɗaga kai. Kunya da baƙin ciki suka rufe shi.

Washegari ya hau babur har Rabah ya ba Malama Selina haƙuri. Ta saurare shi har ya gama, abin da shi bai yi mata ba.

"Na yafe, Baban Raihana. Amma an riga an ba ni aji a nan, su ma 'ya'yan mutane ne."

Ya mayar da Raihana makaranta. Kullum da safe in zai wuce fadama yana hango ta ta taga, ta buɗe littafi, tana kallon allon da babu kowa a gabansa.

Darasi: In yaronka ya zo da sabon abu daga makaranta, bari ya kai ƙarshen maganarsa, sannan ka zauna ku duba tare kafin ka yanke hukunci. Kishin gida abu ne mai kyau, amma fushi ba bincike yakan rusa abin da haƙuri ba zai sake ginawa ba. Ku tura wa iyayen da kuka sani, ko wani zai tsaya ya saurari ɗansa yau.